Daga gidan gahawa na Alƙahira zuwa fadar shayi ta Ƙonni: yadda wuraren hira suka ɗauki maganar ƴancin kai

Duk ranar 3 ga watan Agusta, idan ana bikin samun ƴancin kan Nijar, sunayen da ake ji ba sa canzawa: Diori Hamani, Djibo Bakary, Boubou Hama, sai Janar De Gaulle ta ɓangaren Faransa. A lakwal ma haka ake koya wa yara, shekara kaza aka kafa jam'iyya kaza, shekara kaza aka yi zaɓe. Amma akwai tambayar da ba a cika yi ba. A zamanin da babu salula, akwatin rediyo sai gidan wane da wane, masu iya karanta jarida kuma ƴan ƙalilan ne, ta wace hanya maganar ƴanci ta taso daga Yamai har ta iske manomi a Dogerawa, ko mahauci a Badagishiri, ko maɗinki a Birnin Ƙonni?

To, ta wurin zaman hira ta biyo. A wasu ƙasashe wannan wurin gidan shan gahawa ne. A nan wajenmu kuma rumfar kasuwa ce, da tashar mota, da shagon tela, da gindin itace. Bari mu fara da na waje, sannan mu dawo gida.

Abin da ya sa masu mulki ke tsoron gidan gahawa

Tun farkon yaɗuwar gahawa masu mulki suka sa mata ido. A shekarar 1511 wani hakimin Makka mai suna Khair Beg ya hana shan ta da taruwa dominta, amma hanin bai daɗe ba. A Santambul, Sarki Murad na Huɗu ya rufe gidajen gahawa a 1633. A Ingila kuwa, Sarki Charles na Biyu ya fitar da sanarwar rufe su a ƙarshen watan Disamba na 1675, yana zarginsu da yaɗa ƙarya a kan gwamnati. Jama'a suka yi ca, kafin sati biyu ya janye dokar.

Me ke cikin kofin gahawa da zai hana sarki barci? Babu komai a cikin kofin, zaman ne abin tsoro. Na farko, wuri ne mai arha. A Landan da kwabo ɗaya mutum zai shiga ya zauna ya ji muhawara, har ana yi wa gidajen laƙabi da jami'ar kwabo. Na biyu, babu mai tambayar ɗan gidan wa kake kafin ka zauna. Ɗan dako da malami da ɗan kasuwa duk benci ɗaya. Na uku, mutum ɗaya mai karatu ya ishi mutum ashirin, domin in ya karanta jarida da ƙarfi kowa ya ji. Na huɗu kuma, da wuya a kira shi taron siyasa. In ɗan sanda ya leƙo, abin da zai gani mutane ne suna shan abin sha.

A nan ne mutum ke gane cewa kukan da yake yi a ɗakinsa shi ne kukan maƙwabcinsa. Da zarar an gane haka, rabin aikin jam'iyya ya ƙare.

Masar da Aljeriya

A birnin Alƙahira, a shekarun 1870, Jamaluddin al-Afghani yakan zauna a wani gidan gahawa da ake kira Matatiya, a dandalin Ataba, matasa na kewaye da shi. Cikin masu zama wurinsa akwai Muhammad Abduh da wani saurayi mai suna Sa'ad Zaglul. An kori al-Afghani daga Masar a 1879. Shekaru arba'in bayan haka, a watan Maris na 1919, Turawan Ingila suka kama Sa'ad Zaglul, wanda a lokacin shi ne jagoran masu neman ƴanci, suka kai shi tsibirin Malta. Ƙasar gaba ɗaya ta tashi. Gidajen gahawa na birnin suka zama wurin haɗuwar ɗalibai da lauyoyi da ma'aikata. Ɗaya daga ciki, Café Riche, wanda aka buɗe a 1908, har yau ana tuna shi da wannan, kuma shekaru da yawa bayan haka an tarar da tsohuwar na'urar buga takardu a ɗakin da ke ƙarƙashinsa. A 1922 Ingila ta amince da ƴancin Masar, ko da yake da sharuɗɗa masu nauyi.

Labarin Aljeriya ya fi kusa da namu, domin ubangiji ɗaya muka yi, wato Faransa. Leburorin Aljeriya da suka tafi aiki a masana'antun Paris ba su da gida ba su da dangi a can. Gidan gahawa na ɗan garinsu shi ne masaukinsu, nan ake karɓar wasiƙa, nan ake neman aiki, nan ake tara kuɗin aika gawa gida. Cikin waɗannan leburori aka kafa ƙungiyar Étoile nord-africaine a 1926, wadda Messali Hadj ya jagoranta, kuma tana cikin na farko da suka fito fili suka nemi cikakken ƴancin Aljeriya. Da yaƙi ya ɓarke ranar 1 ga Nuwamba 1954, a irin waɗannan gidaje ake karɓar gudummawar wata-wata.

Sai dai akwai ɗaci a labarin. Ƙungiyoyi biyu na ƴan Aljeriya, FLN da MNA, suka juya wa juna bindiga a ƙasar Faransa, kowace na son ta mallaki gidajen gahawan da kuɗin da ake tarawa a ciki. Dubban mutane suka mutu, har ana kiran abin yaƙin gidajen gahawa. Ku riƙe wannan, za mu ga kamarsa a gida.

Mu goro ne gahawarmu

A ƙasar Hausa ta shekarun 1940 da 1950 babu gidan gahawa irin na Alƙahira. Shayin buta mai zagaye uku ma a lokacin an fi saninsa wurin Buzaye da Larabawa. Abin da ke zaunar da maza wuri ɗaya shi ne goro. A ɓare shi, a miƙa wa na kusa, hira ta kankama. Kuma shi goron matafiyi ne, daga kurmin Asante da sauran ƙasashen kudu fatake ke kawo shi, labarin can na biye da huhun.

Ku dubi inda Ƙonni take. Tana kan babbar hanyar da ta haɗa Yamai da Maraɗi da Damagaram, ga mararrabar Tsarnawa mai zuwa Tawa, ga kuma Ilela ta Najeriya a bakin ƙofa, Sakkwato ba ta kai kilomita 100 ba. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata a yarjejeniyoyin 1904 da 1906 ba ta raba auratayya da cinikayya ba. Duk lokacin da lanho ya yi nauyi, ko aka zo kamun mutane don aikin dole, sai mutum ya tsallaka ya zauna wurin dangi har ƙura ta lafa. In ya dawo, ya dawo da abin faɗi, domin ya ga mulkin Turawa iri biyu kuma yana iya gwada su.

Haka ƴan cin rani na Adar da ke zuwa Kano da Kumasi da Akara. Waɗanda suka zauna a zangon Kumasi sun ga zamanin Kwame Nkrumah da idonsu, sun ga Gana ta karɓi ƴancinta ranar 6 ga Maris 1957. Ga kuma tsofaffin sojoji da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda suka san cewa Faransa kanta an taɓa cin ta da yaƙi. A garin da tsofaffi ba su manta da ta'asar da rundunar Voulet da Chanoine ta yi a watan Mayu na 1899 ba, jin cewa Bature ma yana faɗuwa ba ƙaramin labari ba ne.

Duk waɗannan mutane a ina suke juye abin da suka ɗebo? A rumfar mai goro ranar kasuwa, a shagon tela inda mutum ke jiran a gama masa riga, wurin wanzami, wurin mai tsire da dare, a tashar mota, da ƙofar masallaci bayan isha'i.

Shekarar 1946 da abin da ta buɗe

Kafin 1946, talakan ƙasar da Faransa ke mulka ba shi da izinin kafa jam'iyya ko kiran taro. A ƙarƙashin dokar da ake kira indigénat, kumandan na iya ɗaure mutum ko ya ci shi tara ba tare da alƙali ba. A wannan shekarar aka soke dokar, aka kuma soke aikin dole da dokar 11 ga Afrilu mai ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. A watan Mayu aka kafa jam'iyyar PPN a Yamai, wadda ta zama reshen RDA mai alamar giwa.

Waɗanda suka kafa ta yawancinsu ƴan boko ne, malaman makaranta da akawuna. Amma ƴan boko kaɗai ba sa cika akwatin zaɓe. Djibo Bakary na cikin waɗanda suka fara gane haka. Shi ma tsohon malamin makaranta ne, ya koma aikin ƙungiyar ƙwadago, ya kafa jam'iyyar UDN a 1954, wadda daga baya aka fi sani da Sawaba, mai alamar raƙumi. Masanin tarihi Klaas van Walraven, wanda ya rubuta babban littafi kan Sawaba a 2013, ya nuna cewa ƙarfinta yana hannun ƙananan masu sana'a na garuruwa: direbobi da yaran mota, teloli, mahauta, magina, ƴan tireda, ma'aikatan gidan waya, da wasu malaman addini.

Ku lura da wannan jeri da kyau. Kusan kowane ɗaya a cikinsu, ko dai mai wurin da ake taruwa ne, ko kuma mai yawo tsakanin wuraren taruwa. Direba ya kwana Dosso, ya yi azahar a Ƙonni, ya kwana Madawa, a kowace tasha ya bar labari, wani lokaci har da takarda. Tela kuma yana zaune wuri ɗaya, gari ne ke zuwa wurinsa. Da wannan hanya Djibo ya zama magajin garin Yamai a 1956, kuma a 1957 ya jagoranci gwamnatin farko ta ƴan ƙasa.

A ƙetaren iyaka ma tafiyar kusan iri ɗaya ce. Tun kafin jam'iyyu, a shekarun 1940, da ƙungiyoyin tattaunawa aka fara: ta Bauchi wadda su Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano suka raya, da ta matasan Sakkwato wadda Shehu Shagari ke ciki. Ranar 8 ga Agusta 1950 aka kafa NEPU a Kano, ita ma da kalmar sawaba a bakinta, ita ma da teloli da ƴan kasuwa da masu sana'ar hannu a bayanta. Kalma ɗaya ce ta Hausa take yawo a ɓangarorin iyaka biyu, ma'anarta samun sauƙi bayan wuya.

Mata fa?

Majalisar ƙofar gida ta maza ce, haka ma gidan gahawa na Masar da Aljeriya. Amma mata na da nasu wuraren: bakin rijiya, gidan biki, gidan suna, wurin zubin adashi. Yarinya mai tallar fura ko ƙosai tana shiga gida goma kafin azahar, abin da ta ji a na farko ya isa na goma. A garuruwa irin Maraɗi, jam'iyyu sun nemi goyon bayan magajiyoyi da matan da ke zaman kansu, domin su ne ke iya fitowa fili su yi waƙa da guɗa a wurin taro. A Zariya, Hajiya Gambo Sawaba ta shiga NEPU tun tana ƙaramar yarinya, ta sha ɗauri sau da yawa. Kuma abin lura, dokar 23 ga Yuni 1956 ta ba kowane baligi a Nijar damar jefa ƙuri'a, mace da namiji, alhali matan Arewacin Najeriya sai a ƙarshen shekarun 1970 suka samu wannan dama.

Ranar da hira ta koma raɗa

Ranar 28 ga Satumba 1958 aka yi zaɓen raba gardama: a zauna cikin tarayya da Faransa, ko a karɓi ƴanci nan take. Sawaba ta ce a'a. Faransa ta aiko sabon gwamna, Don Jean Colombani, sarakuna da yawa da suka yi tafiya da Djibo suka juya masa baya. Sakamakon da aka bayyana ya ba i kusan kashi 78 cikin 100, kuma waɗanda suka fita zaɓen ba su kai huɗu cikin goma na masu rajista ba. Gine ce kaɗai ta ce a'a. Gwamnatin Djibo ta faɗi, aka kafa jamhuriya ranar 18 ga Disamba 1958 da Diori Hamani a gaba, kuma a watan Oktoba na 1959 aka haramta Sawaba. Da ƴancin ya zo ranar 3 ga Agusta 1960, jam'iyya ɗaya ce ta rage a fili.

Daga nan wuraren da suka ɗauki maganar ƴanci suka zama wuraren tsoro. Buɗaɗɗen wuri ne, kowa na iya zama, har da mai kai rahoto. Mutum ya faɗi magana a rumfa da hantsi, da la'asar a zo a tafi da shi. Hausawa suka ce baki shi ke yanka wuya. Ƴan Sawaba da yawa suka tsere zuwa Kano, inda ƴan NEPU suka karɓe su, wasu zuwa Bamako da Akara. Wasu matasansu suka samu horon soja a Aljeriya da Sin da Biyetnam ta Arewa.

A ƙarshen 1964 suka shigo ta iyakoki da makamai, suna zaton jama'a za su tashi su mara musu baya. Ba haka ta kasance ba. Yankinmu na cikin wuraren da abin ya taɓa kai tsaye: a watan Oktoba aka kashe Dandouna Aboubakar, ɗaya daga cikin jagororinsu, a wajen Dibisu kusa da Ƙonni, aka kai gawarsa Yamai aka ajiye a fili jama'a su gani. A watan Afrilu na 1965 aka jefa gurneti a filin Idin babbar salla da nufin kashe Shugaba Diori, bai same shi ba. Kame ya biyo baya, mutane da yawa suka yi shekaru a kurkuku. Ƴan ƙasa ɗaya, waɗanda shekaru kaɗan kafin nan suke raba goro ɗaya, suka zama abokan gaba.

Gwamnati ta shigo majalisa

Masu mulki sun fahimci ƙarfin zaman hira, don haka suka nemi su riƙe linzaminsa. A 1962 aka kafa ƙungiyar Radio-Clubs ta Nijar. Mai jagora, sau da yawa malamin makaranta, yakan tara mutanen gari gaban akwatin rediyo, a saurari shiri kan noma ko lafiya, a tattauna, a ɗauki muryoyin mutane a aika Yamai. Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kountché ya farfaɗo da samariya, kowace unguwa da sarkin samarinta. An yi aikin gayya da yawa ta wannan hanya, an gina azuzuwa, an shuka itatuwa. Amma duk wanda ya rayu a lokacin ya san cewa ba kowace magana ake yi a fili ba.

Sai bayan babban taron ƙasa na 1991, da aka koma jam'iyyu da yawa, baki ya buɗe. A cikin shekarun 1990 ne fadodin matasa suka bazu, daga Damagaram zuwa sauran garuruwa. Sunan ma abin dubawa ne. Fada wurin sarki ce, inda talaka ke cire takalmi ya durƙusa. Matasa marasa aikin yi suka ɗauki sunan suka sa wa tabarmarsu da butar shayinsu, kowace fada da shugabanta da ma'ajinta da sunanta a rubuce jikin bango. Shayi kuma ya dace da zaman, tunda kafin a sha na farko da na biyu da na uku an ci awa biyu ko uku.

Abin da ya rage gare mu

Yau, daga tashar Ƙonni zuwa bakin kamfanin siminti na Malbaza, daga wurin lodin albasa a Galmi zuwa kasuwar Badagishiri, da wuya ka yi tafiyar minti biyar ba ka ga fada ko teburin mai shayi ba. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, har zuwa watan Maris na 2024, a waɗannan wurare ɗan kabu-kabu da ɗan canji da mai dakon kaya suke jin halin da ake ciki, a nan kuma ake haɗa ɗan abin da za a taimaka wa wanda sana'arsa ta tsaya. Fadodi da yawa suna yashe magudanar ruwa kafin damina, suna gadin unguwa da dare, suna kai gudummawa gidan biki da gidan rasuwa.

Bambancin yau da jiya shi ne salula. A da, direban da ya kawo labari an san shi, an san ubansa, in ya yi ƙarya gobe zai dawo a tuhume shi. Yanzu murya ce ke shigowa ta WhatsApp, ba a san mai ita ba, ba a san ranar da aka ɗauke ta ba, kafin a sauke shayi na biyu ta zagaye gari. A yankin da ke bakin iyaka, inda maganar tsaro ke damun kowa, kalma ɗaya ta cewa wane ɗan leƙen asiri ne, ko ƙabila kaza ce ke da laifi, tana iya jawo asarar rai. Magana zarar bunu ce.

Saboda haka, ƴan uwa shugabannin fada, akwai abubuwa uku da tarihin nan ke nuna mana. Duk labarin da ya shigo, a tambayi wanda ya kawo shi inda ya samo. Wanda ra'ayinsa ya saɓa da na sauran, a bar shi ya ƙare maganarsa, kuma gobe a miƙa masa kofi kamar kullum. Sannan in akwai dattijo a unguwa da ya ga 1958 ko 1964 da idonsa, a gayyato shi ya zauna, a zuba masa na farko, a tambaye shi yadda aka yi. Kunne ya girmi kaka, kuma masu wannan labari kullum raguwa suke yi.